Gyaran Saitin Kwanturola Bayan Ɗaukaka Firamwok: Nazari kan Manhajojin Ofisoshin Fiton Kaya a Gaya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalolin da kan taso a saitin kwanturola, wato sashen manhajar intanet da ke karɓar buƙatar mai amfani ya yanke abin da za a yi da ita, bayan an ɗaukaka firamwok ɗin da aka gina manhajar a kansa daga tsohuwar siga zuwa sabuwa. Ta ɗauki garin Gaya na jihar Dosso a Nijar a matsayin fagen nazari, saboda harkar fiton kaya da garin ya dogara a kanta harka ce ta takardu da amana, kuma saboda katsewar da ta same ta tun daga 2023 na cikin abubuwan da kan sa manhaja ta daɗe ba a taɓa ta ba. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce kuskuren da ya tsayar da manhaja cak ya fi sauƙin sha'ani a kan gyaran gaggawar da ke kawar da saƙon kuskure ta hanyar cire shingen tantance izini, domin na farkon kowa na ganinsa, na biyun kuwa yakan bar bayanan 'yan kasuwa a buɗe ba tare da an ankara ba.

Gaya da harkar takardu

Gaya na bakin kogin Kwara, tana fuskantar Malanbil ta Jamhuriyar Benin, gada ce ta haɗa su, sannan garin Kamba na jihar Kebbi a Najeriya na kusa da ita ta gabas. Ta nan ne babbar hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta shigo Nijar, ta bi Dosso ta isa Yamai, kuma shekaru da dama wannan hanya ce ta ɗauki kaso mafi girma na kayan da ƙasar ke shigowa da su ta teku. Masanin labarin ƙasa Olivier Walther, a littafinsa na 2008 kan kasuwancin waɗannan garuruwa uku, ya nuna cewa ciniki a yankin yana tafiya ne a kan alaƙar iyayen gida da dillalai da yaransu, inda sanin wane ne ya kawo me, a kan nawa, kuma wa yake bin wa bashi, shi kansa jari ne da ake ɓoyewa.

Hukumar duwan, wato kwastan, tana aiki da manhajar SYDONIA, wadda hukumar kasuwanci da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ginawa a farkon shekarun 1980, kuma gwamnati ce ke kula da ita. Maƙalar ta bar wannan babbar manhaja a gefe. Abin da ta sa a gaba shi ne ƙananan manhajojin da ofis mai zaman kansa kan sa a rubuta masa domin ya riƙa bin sawun fayilolin abokan cinikinsa, da manyan motocin da ke kan hanya, da kayan da ke sito, da kuɗin fiton da aka biya da wanda ake bi, sau da yawa da sefa da naira a lokaci guda. Irin wannan aiki mutum ɗaya ko biyu ne kan yi shi, galibi da harshen PHP, a kan firamwok irin Laravel ko Symfony ko CodeIgniter, su miƙa shi su kama wani aikin. Domin sauƙin bayani, za a bi misali na nazari: ofishin dillalin fito mai manhajar da aka rubuta a 2021 a kan Laravel 8, wadda ke da shafin abokan ciniki, da shafin fayiloli, da shafin kuɗi wanda maigida da akawunsa kaɗai suka cancanci gani.

Ma'anar firamwok da kwanturola

Firamwok shiryayyen kod ne da wasu suka rubuta suka raba, wanda ke ɗauke da ayyukan da kowace manhajar intanet ke buƙata, kamar karɓar buƙata daga burauza, da magana da rumbun bayanai, da tantance mai shiga, ta yadda maginin manhaja zai rubuta abin da ya keɓanta da aikinsa kawai. Yawancin firamwok na yau suna bin rabon aiki gida uku wanda Trygve Reenskaug ya tsara a cibiyar bincike ta Xerox a ƙarshen shekarun 1970: sashe ɗaya yana riƙe bayanai da ƙa'idojinsu, na biyu yana nuna su a fuskar kwamfuta, na uku kuma, wanda shi ne kwanturola, yana tsakani yana karɓar buƙata yana aika ta inda ta dace. Kwanturola aji ne, aji kuwa dunƙulen kod ne mai suna guda da ke tattare da ayyuka masu alaƙa, kamar aikin jera fayiloli, da aikin buɗe sabo, da aikin gogewa.

Kafin buƙata ta isa kwanturola sai ta wuce wurare biyu. Na farko rajistar hanyoyi ce, fayil ɗin da ke cewa adireshi kaza na kwanturola kaza ne. Na biyu shi ne abin da maƙalar za ta kira shinge, ƙaramin kod da ke tare buƙata ya duba ko mai ita ya shiga da sunansa, ko yana da izinin abin da yake nema, kafin ya bar ta ta wuce, kamar yadda mota ba ta isa sito a Gaya sai an duba takardunta a bakin gada. Saitin kwanturola, a ma'anar da ake nufi a nan, shi ne duk abin da ke haɗa waɗannan ukun: yadda firamwok ke gano kwanturola da sunansa, yadda yake miƙa masa kayan aikinsa, da kuma shingayen da aka ɗaura masa. Dalilin da ya sa ɗaukakawa ta fi yin ɓarna a wannan mahaɗa shi ne yawancin abin da ke cikinta ba a rubuce yake a kod ɗin maginin ba, al'ada ce da firamwok ya ɗauka a matsayin sananniya, kuma ranar da masu firamwok suka sauya al'adar, kod ɗin da ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa ba sai ya daina aiki ko ya sauya hali.

Abin da ke sa a tsallake sigogi

A tsarinsa na yanzu, Laravel na fitar da babbar siga sau ɗaya a shekara, yana gyara kurakuran kowace siga har wata 18, yana toshe ɓarakar tsaro har shekara biyu. Laravel 8 ta fito a Satumba 2020, kulawarta ta tsaro ta ƙare a Janairu 2023, PHP 7.4 kuma, wadda manhajoji da yawa na wancan lokaci ke gudana a kanta, an daina kula da ita tun Nuwamba 2022. Ke nan manhajar ofishin misalin ta riga ta fita daga kulawa watanni kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya jawo takunkumin ƙungiyar CEDEAO, aka rufe gadar Gaya, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, amma Nijar ta bar nata a rufe, manyan motoci suka koma hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, mutane da ƙananan kaya kuma suka koma haye kogi da kwalekwale. Wannan ma ba shi ne karo na farko ba, domin Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agusta 2019, kuma mashigar Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilu 2022.

Ofishin da cinikinsa ya tsaya ba ya ware kuɗin kula da manhaja, kuma babu laifi a ganin hakan. Sai dai kalandar firamwok ba ta san an rufe iyaka ba. Laravel 11 ta fito ranar 12 ga Maris 2024, kwana biyu kafin igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku su katse a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya taɓa Nijar da Benin duka, Laravel 12 kuma ta biyo baya a Fabrairu 2025. Abin da kan tilasta ɗaukakawa daga ƙarshe shi ne kamfanin da ke ba da hayar uwar garke, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, idan ya cire tsohuwar PHP daga injinansa. A wannan rana maginin da aka kira, wanda sau da yawa ba shi ne ya rubuta manhajar ba, zai tarar da tazarar siga uku ko huɗu, ga maigida na jiran aiki ya tashi kafin la'asar. Hanyar da ta fi jan hankalinsa ita ce ya buɗe sabon aiki fil a kan siga ta ƙarshe, ya kwafo kwanturololi da rajistar hanyoyi daga tsohon ya zuba a ciki. Kusan duk matsalolin da za a bayyana a ƙasa daga wannan kwafe suke fitowa, kuma abin lura ne cewa jagorar ɗaukakawa ta Laravel 11 da kanta ta ba da shawarar kada a sauya tsarin foldodin tsohuwar manhaja, domin sabuwar sigar tana iya aiki da tsohon tsarin.

Kwanturolan da aka nema aka rasa

Matsalar da aka fi sani ita ce firamwok ya ce ajin da ake nema babu shi, alhali ga fayil ɗinsa nan a folda. Kafin Laravel 8, magini kan rubuta gajeren sunan kwanturola a rajistar hanyoyi, firamwok ya cika masa sauran adireshin sunan daga wani saiti da ke cikin RouteServiceProvider. Daga siga ta 8, sabon aiki ba ya zuwa da wannan ciko, don haka tsohuwar rajistar da aka zuba a sabon aiki tana kiran sunayen da firamwok bai san gidansu ba. Gyara iri biyu ne: ko a mayar da cikon, ko a sake rubuta kowace hanya da cikakken sunan ajin. Na biyun ya fi aiki amma shi ne daidai, domin kayan binciken kod suna iya bin cikakken suna su nuna kuskure kafin a ɗora manhaja, abin da ba sa iyawa da suna da aka rubuta a matsayin zallar rubutu.

Saƙon nan guda yana da wasu sanadai da ba su da alaƙa da rajista. Composer, wato manhajar da ke sauko da kayan PHP ta kuma tsara yadda ake gano azuzuwa, ta tsananta tun sigarta ta 2 a Oktoba 2020: idan sunan aji bai dace da sunan fayil da foldarsa ba bisa ƙa'idar PSR-4, tana tsallake shi yayin da take haɗa taswirar azuzuwa. Akwai kuma bambancin manya da ƙananan haruffa, wanda Windows da yawancin magina ke aiki a kanta ba ta damu da shi ba, Linux da ke kan uwar garke kuwa tana ɗaukarsa da muhimmanci, shi ya sa manhaja kan yi aiki sumul a kwamfutar maginin ta ƙi tashi da zarar an ɗora ta. Na ƙarshe shi ne ma'ajiyar wucin gadi. Laravel kan dunƙule hanyoyi da saituna a foldar bootstrap/cache domin sauri, kuma inda intanet ba ta da ƙarfi magini kan matse aikin gaba ɗaya a fayil guda ya tura shi, har da wannan ma'ajiyar, sai uwar garke ta ci gaba da bin tsohuwar taswira ko da an gyara rajistar. Umarnin optimize:clear na share ta, kuma shi ya kamata a fara da shi kafin a zargi kod.

Duk da ɓacin ran da wannan matsala ke jawowa, tana da kirki ɗaya: ba ta ɓuya. Shafi ya ƙi buɗewa, akawu ya kira, an gyara.

Shingen da aka cire domin manhaja ta tashi

Laravel 11 ta rage kayan da sabon aiki ke zuwa da su ƙwarai. An cire fayil ɗin Kernel inda ake jera shingaye, aka mayar da wannan saitin cikin bootstrap/app.php, sannan uban kwanturololi, wato ajin da duk kwanturololin manhaja ke gado daga gare shi, ya zama fanko, ba ya ɗauke da ayyukan ɗaura shinge da tantance izini da tace bayanai da ya saba ɗauka. A tsohuwar manhaja, al'ada ce a ɗaura shinge a cikin kwanstirakta, wato aikin farko da ke gudana idan an tayar da kwanturola, da layi guda da ke cewa kada kowa ya wuce sai wanda ya shiga da sunansa. Idan aka kwafo wannan kwanturola cikin sabon aiki, layin zai kira aikin da uban ajin ba ya da shi kuma, shafin ya faɗi da kuskure mai lamba 500, saƙon kuma ya nuna ainihin layin.

A nan ne haɗarin yake, domin saƙon ya nuna layi guda, kuma goge layin yana sa shafin ya buɗe nan take. Maginin ya gwada, ya ga jerin fayiloli ya fito, maigida ya gani ya gamsu, kuma babu ɗayansu da zai lura da wani sauyi tun da dukansu sun riga sun shiga da sunayensu kafin su gwada. Amma daga wannan lokaci duk wanda ya san adireshin shafin, ko ya yi hasashensa, zai iya buɗe shi ba tare da kalmar sirri ba, kuma adireshin irin waɗannan shafuka ba shi da wuyar hasashe, domin yawanci kalma ce da lambar fayil, wadda ake ƙara ɗaya a kanta a ga fayil na gaba. Haka nan layin tantance izini da ke cikin aikin gogewa ko na shafin kuɗi, wanda shi ma yakan faɗi saboda dalili guda: idan aka cire shi, yaron ofis da aka ba damar shigar da lambar mota zai iya ganin ribar maigida ko ya goge bashin wani. Ba a banza ba ƙungiyar OWASP, wadda ke jera manyan haɗurran manhajojin intanet, ta sa karyewar iko da shiga a matsayi na ɗaya a jerinta na 2021.

A gari irin Gaya wannan ɓaraka tana da nauyin da ya wuce na fasaha. Fayil ɗin fito na ɗauke da sunan mai kaya, da irin kayan, da ƙimar da aka bayyana, da lambar mota, da lambar wayar direba, da ranar da ake sa ran isowarsa. Ɗan kasuwar da ya ba dillali waɗannan bayanai ya ba shi ne bisa amana, kuma idan suka faɗa hannun abokin gasa ko ɗan damfara ko mai tare hanya, dillalin ne zai rasa mutuncinsa a kasuwar da kowa ya san kowa. Ta fuskar doka ma, Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kanta, kuma nauyin tsare bayanan na kan ofishin da ya tattara su, ko da wani ne ya rubuta masa manhajar.

Gyaran da ya dace ba shi da wuya. Ana iya sa kwanturola ya bi yarjejeniyar HasMiddleware, ya bayyana shingayensa a aiki na musamman da firamwok ke karantawa kafin ya tayar da shi. Ana iya mayar wa uban kwanturololi da gadonsa na da, abin da ya fi sauri idan kwanturololin na da yawa. Ana kuma iya ɗauke shingayen daga kwanturola gaba ɗaya a ɗaura su a rajistar hanyoyi, a tara duk hanyoyin da ke buƙatar shiga a rukuni guda. A ra'ayin wannan maƙala hanya ta uku ta fi dacewa da ƙaramin ofis da magina ke sauyawa a kansa, domin wanda ya gaji aikin zai buɗe fayil ɗaya ya ga abin da aka tsare da abin da aka bari a buɗe, maimakon ya bi kwanturola ashirin ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wasu rassa biyu na wannan matsala da ke ruɗar da ko gogaggen magini. Idan tsohuwar manhaja na da shinge na gida mai laƙabi, misali wanda ke ware maigida daga ma'aikata, kuma ba a sake rajistar laƙabin a bootstrap/app.php ba, Laravel zai ɗauki laƙabin a matsayin sunan aji, ya ba da saƙo iri ɗaya sak da na ɓataccen kwanturola, sai a ɓata sa'o'i ana neman laifi a inda babu shi, daga ƙarshe a cire laƙabin daga hanyar. Na biyu ya shafi kariyar da ke hana wani shafi na waje aika buƙata da sunan mai amfani. Adireshin da kamfanin kuɗin waya ke kira domin ya sanar cewa an biya yana buƙatar a keɓe shi daga wannan kariya, jerin keɓewar kuma ya sauya wuri a siga ta 11. Idan aka manta shi, sanarwar biya za ta riƙa dawowa da kuskure mai lamba 419, kuɗi ya shiga amma manhaja ta ce ba a biya ba. Kashe kariyar gaba ɗaya yana kawar da kuskuren, kuma shi ma gyara ne irin na goge layi.

Yana da kyau a ambaci yanayin bincike, wanda magini kan kunna domin ya ga cikakken saƙon kuskure, ya manta bai kashe ba. Shafin kuskure a wannan yanayi na tona bayanan cikin gida na manhaja, kuma a farkon 2021 an bayyana ɓaraka mai lamba CVE-2021-3129 a Ignition, kayan da ke zana shafin kuskure na Laravel a lokacin, wadda ke ba baƙo damar gudanar da umarni a kan uwar garke idan yanayin na kunne.

Sauran firamwok

Symfony, wanda Fabien Potencier ya ƙirƙira a Faransa kuma yake da mabiya a ƙasashe masu aiki da Faransanci, ya bi hanya mai kama da wannan. An cire tsohon uban kwanturololinsa a siga ta 5 a Nuwamba 2019, aka bar AbstractController, a siga ta 6 kuma aka hana kwanturola ɗebo kayan aiki kai tsaye daga rumbun hidimomi, sai dai ya bayyana abin da yake buƙata firamwok ya miƙa masa. A siga ta 7, a Nuwamba 2023, an daina karanta hanyoyin da aka rubuta cikin sharhin kod, aka koma alamomin PHP 8. Wannan sauyi na ƙarshe ya cancanci kulawa, domin ƙa'idar izini da aka rubuta a sharhi, idan kayan da ke karanta ta ya tafi, takan koma sharhi kawai, ba ta faɗuwa ba ta kuma aiki. Sai dai Symfony na da tsari mai taimako: siga mai ƙarewa da .4 tana da ayyuka iri ɗaya da babbar siga ta gaba, tana kuma gargaɗi kan duk abin da za a cire, saboda haka wanda ya tsaya a 5.4 ko 6.4 ya share gargaɗin duka zai haye ba tare da faɗuwa ba.

CodeIgniter ya kashe gano hanya kai tsaye daga sunan kwanturola tun siga ta 4.2 a 2022, saboda tsarin na iya buɗe ayyukan da shinge bai rufe ba, kuma mai kunna shi domin ya kawar da kuskuren 404 yana mayar da ɓarakar da aka toshe ne. A ɓangaren Java, Spring 6 ya daina ɗaukar adireshi mai alamar / a ƙarshe daidai da marar shi, abin da kan katse kira daga tsofaffin manhajojin waya.

Tsarin aiki da ya dace da ƙaramin ofis

Matakin da ya fi kowanne amfani ana yin sa ne kafin a taɓa komai. Umarnin route:list, idan aka nemi cikakken bayaninsa, yana fitar da kowace hanya da kwanturolanta da shingayen da ke kanta. A ajiye wannan jeri daga tsohuwar manhaja, a sake fitar da shi bayan ɗaukakawa, a kwatanta su layi da layi. Duk hanyar da ta rasa shinge tsakanin jerin biyu za ta bayyana, ko da shafinta na buɗewa lafiya. Jerin ba ya nuna tantance izinin da ke cikin jikin aiki, don haka sai a haɗa shi da binciken kalmar izini a duk foldar kwanturololi, a ƙirga wuraren da ta fito kafin da bayan.

Bayan haka sai hawa siga ɗaya bayan ɗaya, daga 8 zuwa 9 zuwa 10 zuwa 11, ana bin jagorar kowace, ana ɗaga PHP tare da su, tun da Laravel 9 na buƙatar PHP 8.0, ta 10 na buƙatar 8.1, ta 11 kuma 8.2. Kowane mataki a adana shi a Git, manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen kod, ta yadda idan wuta ko intanet ta ɗauke a tsakiyar aiki akwai inda za a koma. A yi aikin a kan kwafi, da kwafin rumbun bayanai, manhajar ofis na ci gaba da aiki har sai an gama. Gwaji mai sarrafa kansa, wanda ƙananan ayyuka kan rasa, ba sai ya yi yawa ba: gwaji guda da ke bin duk hanyoyi a matsayin baƙon da bai shiga ba, ya tabbatar an kore shi daga kowace sai shafin shiga, da na biyu da ke yin haka a matsayin ƙaramin ma'aikaci a kan shafukan kuɗi, sun isa su kama mafi yawan abin da aka bayyana a sama.

Maigidan ofis ma na da rawar takawa ko da bai san kod ba. Kafin ya biya kuɗin aiki, ya fita daga manhajar, ya ɗauki wayar da ba a taɓa shiga da ita ba, ya rubuta adireshin wani fayil kai tsaye, ya ga ko za a nemi kalmar sirri. Sannan ya shiga da sunan yaron ofis ya nemi shafin kuɗi. Ya kuma sa a rubuta a yarjejeniyar aiki cewa kod da tarihinsa da mabuɗan uwar garke mallakar ofis ne, cewa za a miƙa jerin hanyoyi da shingayensu a matsayin wani ɓangare na aikin, da kuma ranar da kulawar tsaro ta sigar da aka ɗora za ta ƙare, wadda ga Laravel 11 ita ce Maris 2026. Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014 kuma take koyar da fasahar sadarwa, cibiya ce da za ta iya sa ɗaukaka tsohuwar manhajar da wani ya rubuta cikin aikin gwajin ɗalibanta, tare da kwatanta jerin hanyoyi kafin da bayan a matsayin abin da ake ba da maki a kansa.